Jan Tirela da Sarrafa Iskar Mota: Tunatarwa ga Fatake da Direbobinsu

A zamanin da fatake su ke bin ayari daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, ba a ɗora wa jaki kaya sai an auna. Mai jaki ya kan jinjina kayan dama, ya jinjina na hagun, in ɗaya ya rinjayi ɗaya ya rage, domin ya san kayan da ya karkace shi ke gurje bayan dabba, dabbar da ta ji ciwo kuwa ita ke tsai da ayari duka. Madugu shi ke faɗin lokacin tashi da wurin zango. Ya kan sa a yi sammako a ci tafiya da sanyin safiya, in rana ta take a sauke kaya a shayad da dabbobi. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, motoci su ka biyo baya, ayari ya watse. Amma kaya bai daina nauyi ba, rana kuwa ba ta daina zafi ba.

A yau ɗan kasuwa ya kan ɗaura wa motarsa ƙaramar tirela, watau akwakun nan mai taya biyu ko huɗu da a ke ja a baya, ya zuba hatsi ko taki ko injin ban ruwa, ya nufi Dawanau ko Maraɗi ko Jos, ga mutane cike a cikin motar. Abubuwa uku ne su ke hannun direba a irin wannan tafiya: abin da motar ke ja, da iskar da ke cikinta, da tagoginta. Mutane su kan ɗauka kowanne dabam ya ke, alhali kuwa asusunsu guda ne, domin ƙarfin inji ɗaya ne, daga gare shi a ke biyan jan kaya, daga gare shi kuma a ke biyan sanyin ciki. Ya kamata mai kaya ya san wannan lissafi kamar yadda direba ya kamata ya sani, saboda sau da yawa shi ke ba da umarni.

Fasali na farko: nauyi da yadda a ke jera shi

Kowace mota masu ƙera ta sun yanka mata iyakar nauyin da za ta iya ja. Wannan adadi yana cikin littafin da ke zuwa tare da motar, a motocin Turai da yawa kuma a kan same shi a wani ɗan faranti da a ke mannawa a jikin ƙofa ko kusa da inji. Adadin kuwa ya haɗa da nauyin tirelar kanta. A Ingila doka ta ce tirelar da ba ta da birkin kanta kada ta wuce kilo 750, ita da kayanta, kada kuma ta wuce rabin nauyin motar da ke jan ta. Alal misali, in tirela ita kaɗai ta kai kilo 250, abin da ya rage kilo 500 ne, watau buhu biyar na masara irin mai kilo 100, ko buhu goma na taki ko siminti. Wanda ya saba ganin an tsuga buhu goma sha biyar a irin wannan tirela sai ya auna da kansa. Dalilin dokar a fili ya ke. Birkin mota an yi shi ne domin ya tsai da motar da mutanen cikinta, in aka jingina masa wani nauyi a baya wanda ba ya taimaka da kome, sai nauyin nan ya riƙa tura motar gaba lokacin da direba ke neman tsayawa.

Bayan yawan kaya sai jerin kaya, a nan ne kuwa ilmin mai jaki ya ke da amfani. Ƙa'idar ita ce a sa kimanin kashi shida cikin goma na kayan a gaban tayoyin tirela, watau ta wajen mota, kashi huɗu a bayansu. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa kusa da tayoyi, marar nauyi ya hau sama, dama da hagun su daidaita, sa'an nan a ɗaure tamau don kada buhu ya zame a kwana. In an jera daidai, wuyan tirela zai danne ƙugiyar mota da kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin duka, muddin dai bai wuce abin da aka rubuta wa ƙugiyar ba, wanda a ƙananan motoci da yawa kilo 75 ne ko kusa da haka. In dannawar ta yi yawa, bayan mota ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, tayoyin gaba su saki ƙasa, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, fitilu kuma su riƙa haska idon masu zuwa. In kuwa kayan ya taru a baya, wuyan tirela ya riƙa ɗaga bayan mota, wannan shi ne mafi muni, shi ke haifad da lilo, wanda bayaninsa na tafe.

Akwai wata mas'ala game da ƙugiya wadda ta shafi ƙasashen da ke sayen motocin da aka yi amfani da su a waje. Dunƙulen ƙarfen nan mai kama da ƙwallo da a ke saƙala bakin tirela a kansa, na motocin Turai faɗinsa milimita 50 ne. Na Amurka kuwa da inci a ke auna shi, akwai mai inci biyu, akwai wanda bai kai haka ba, akwai wanda ya fi. Ido ba ya saurin bambancewa. In aka saƙala baki mai faɗi a kan ƙaramin dunƙule zai zauna kamar ya kama, sai an faɗa rami ya tsinke. Saboda haka a duba lambar da aka buga a jikin kowannensu. Bayan an kulle, a kama wuyan tirela a jijjiga sama da ƙarfi a gani ko zai fita. A ɗaura sarƙoƙi biyu daga tirela zuwa mota, a gicciya su a ƙarƙashin wuyan, domin in ƙugiya ta saki su tallafe shi kada ya soki ƙasa. A gwada fitilar birki da ta kwana, yaron mota na tsaye a baya yana faɗi. A duba iskar taya tun da safe kafin su ɗauki zafi. Tayar tirela ta kan tsufa a tsaye, haƙoranta na nan lafiya amma gefenta ya tsattsage. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin haihuwarta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 cikin shekarar 2019. Mutum kuwa ba a ɗaukarsa a cikin tirela ko da tafiyar zango ɗaya ce.

Fasali na biyu: tafiya da kaya a baya

Lilo shi ne tirela ta fara kaɗa gindi dama da hagun kamar wutsiyar kifi, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ta finciki motar ta juya ta. Abubuwan da ke tayad da shi su ne kayan da ya taru a baya, da gudu, da taya mai ƙarancin iska, da iskar da ke bugowa daga gefe, da wucewar babbar mota wadda ke tura iska sa'an nan ta tsotse ta. Abin da zuciya ke raya wa direba a wannan hali shi ne ya taka birki da ƙarfi ko ya riƙa murza sitiyari yana bin kaɗawar, dukansu kuwa ƙara ta su ke yi. Haka kuma maganar da a ke yaɗawa cewa a ƙara wuta tirela ta miƙe, halaka ce. Abin yi shi ne ya riƙe sitiyari sosai ya miƙe, ya ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, ya bar motar ta rage gudu da kanta. In ta natsu ya sauka gefen hanya ya sake jera kaya, domin tirelar da ta yi lilo sau ɗaya za ta sake.

Game da gudu, akwai lissafin da ba ya canjawa: in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ya ninka huɗu. Littafin ƙa'idodin hanya na Nijeriya, wanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988 ke aiki da shi, ya yanka wa manyan tireloli da tankoki kilomita 60 a awa a kan babbar hanya mai tagwaye, 50 a sauran manyan hanyoyi. Mai jan ƙaramar tirela ya ɗauki darasi daga nan. Tazarar da ya saba bari tsakaninsa da motar gaba ya ninka ta. In zai sha kwana ya buɗe, saboda tayoyin tirela su na yanke hanya ta ciki, su na iya hawa kan mai talla ko su faɗa lambatu. In zai wuce wata mota ya tuna tsawonsa ya ƙaru, kada ya koma hannunsa sai ya ga gabanta sarai a madubi. In zai yi baya, tirela na tafiya ne saɓanin inda bayan mota ya nufa. Dabarar ita ce ya kama sitiyari ta ƙasa, inda ya ke so tirela ta bi nan zai kai hannunsa, a hankali, wani na tsaye inda ya ke ganinsa yana nuna masa.

Gangara ita ce wurin jarrabawa. Wanda ya san Hawan Kibo, inda hanya ke saukowa daga tsaunukan Jos ta nufi Akwanga, ya san abin da a ke nufi. Birki na aiki ne ta hanyar guga, guga kuwa zafi ta ke haifarwa. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, da nauyi na tura shi, zai iske birkin ya yi zafi har ya daina kamawa, ko man birkin ya tafasa ƙafa ta nutse ba kome. Maganin wannan shi ne a sa ƙaramar giya tun kafin a fara sauka, inji ya riƙe motar, birki ya zama na taɓawa a saki. Sakin mota ba giya a gangara don tsimin mai kuwa, garin neman gira ne a rasa ido.

Wanda ke jan motar da ta lalace da igiya ko sarƙa, littafin nan ya ba shi kilomita 45 a awa. Ya sani cewa motar da injinta ke kashe birkinta ya kan yi tauri, sitiyarinta ya yi nauyi, domin inji ne ke taimaka musu. A bar mabuɗi a murɗe don kada sitiyari ya kulle. Mota mai canja giya da kanta kuwa, ba a jan ta nesa tayoyinta na ƙasa, gidan giyarta zai ƙone.

Fasali na uku: zafin inji da sanyin ciki

Kamfanin Packard na Amurka shi ya fara sayad da mota mai na'urar sanyi a 1939. Yadda na'urar ke aiki, wadda direbobi ke kira esi, shi ne inji na juya wani famfo da bel, famfon ya matse gas har ya yi zafi, a bi da shi ta wani raga da ke gaban mota ya zubad da zafin ya zama ruwa, sa'an nan a sake shi ta wata 'yar ƙofa ya yi sanyi ƙalau, fanka ta huro iska ta kansa zuwa cikin mota. Abu biyu ke nan mai jan kaya zai lura. Famfon na cin wani kaso na ƙarfin inji. Ragan nan kuma a gaban lagireto ya ke zaune, saboda haka iskar da za ta sanyaya ruwan inji ta riga ta ɗauki ɗumi kafin ta iso. A saman tudu kuma iska ba ta da kauri. Jos ta kai kimanin mita 1,200 bisa teku, injin da ba shi da turbo ya kan rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a can.

To, mota ta ɗauko hawa da tsakar rana a bazara, ga tirela a baya, ga esi a kunne, lalle idon direba ya kasance a kan allurar da ke nuna zafin inji. Da ta fara hawa ya kashe esi, ya buɗe tagogi. In ba ta sauka ba ya kunna hita ya ƙure fanka. Fasinja za su yi gunaguni, amma hita daga ruwan inji ta ke ɗibar ɗumi, ta zama kamar ƙaramin lagireto na biyu. In ta kai ja ya tsaya. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi, ruwan da ke ciki a matse ya ke, ya wuce zafin tafasa, zai yi tsartuwa ya saɓule fuska. A jira aƙalla rabin awa. Kada kuma a sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfe na iya tsagewa.

Sarrafa iskar ciki kuwa lokaci ya ke bi. Da bazara, motar da ta yini a rana a fara buɗe tagogi a yi 'yar tafiya iskar zafi ta fita, kāna a rufe a kunna esi. Da hunturu, ko a bayan babbar mota mai hayaƙi, akwai maɓalli mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta. Shi ke rufe ƙofar iskar waje, ta ciki ta riƙa zagayawa, ƙura ba ta shiga. Amma fa kada a bar shi haka tun daga Kano har Zariya da mutum shida ko bakwai a ciki, domin numfashinsu na taruwa, kai ya yi nauyi, gyangyaɗi ya kama direba. Da an wuce ƙura a buɗe. Da damina kuma, ko da asubahin ɗari, gilashin gaba ya kan yi gumi ta ciki har hanya ta ɓace. Shafawa da hula ko hannun riga dama shi kawai ta ke yi. A juya iska zuwa gilashi, a kunna esi, a buɗe ƙofar iskar waje, domin esi na tsotse laima daga iska. Laimar nan ita ce ruwan da a ke gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota, ba lalacewa ba ce.

Fasali na huɗu: tagogi

Cikin hayaƙin salansa akwai wata guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, jini kuwa na kama ta fiye da yadda ya ke kama iskar da rai ke bukata sama da sau ɗari biyu. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala, daga nan sai barcin da ba a tashi. Motar da ke tafe but a buɗe saboda kaya ya yi tsawo, iska na naɗowa ta baya ta shigo da hayaƙin ciki, waɗanda ke kujerar baya su ke fara sha. Haka salansar da ta huje. Haka kuma mai kwana cikin mota a rufaffen wuri da inji a kunne don jin sanyi.

Motar da aka ajiye a rana tagogi a rufe, zafin cikinta na iya ƙaruwa da wajen digiri 10 cikin minti goma. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40 a inuwa, lissafin ba ya bukatar malami. Jikin yaro na ɗaukar zafi da sauri ninki uku zuwa biyar bisa na babba, ɗan buɗin da a ke bari a saman gilashi kuwa ba ya rage kome mai yawa. Kada a bar yaro a mota da sunan za a shiga kasuwa a fito yanzu. Motar da aka ajiye a ƙofar gida a kulle ta, domin yara kan shiga wasa ƙofa ta rufe da su.

Gilashi mai tashi da lantarki na da ƙarfin da zai karya yatsa ko ya shaƙe wuyan yaro, ba kowace mota ce kuwa gilashinta ke komawa in ya ci karo da abu ba. A gefen direba akwai maɓallin da ke kulle na baya, in da yara a danna shi, in zai fita ya zare mabuɗi. Da damina kuma a kiyayi ruwan da ya haye hanya, mai gudu wanda bai kai gwiwa ba na iya ɗaga ƙaramar mota, balle mai tirela da ruwa zai kama ta gefe. In mota ta faɗa ruwa mai zurfi, ƙofa ba ta buɗuwa saboda ruwa ya danne ta. A kwance bel, a sauke gilashi nan take kafin lantarki ya mutu, a fara fitad da yara ta taga.

Kammalawa

A bakin kasuwa a kan ji mai kaya na cewa, "Malam direba, ƙara buhu uku kawai, ai Allah na nan." Direba kuwa, don kada ya rasa ciniki, sai ya ce, "To, Alhaji, ranka ya daɗe." Malamai sun daɗe da bayyana cewa dogara ga Allah ba ta kore riƙon sababi, malaman fiƙihu kuma sun yi hukunci cewa wanda ya yi hayar dabba ya ɗora mata fiye da abin da aka yi sharaɗi har ta halaka, biya ya hau kansa. In haka ne game da jaki, ina ga motar da ke ɗauke da magidanta da mata da almajirai, ga kuma masu tafiya a gefen hanya waɗanda ba su ci ribar buhu ukun nan ba? Mai kaya shi ne madugun wannan zamani. Shi zai tambayi nauyin da aka rubuta wa mota, ya tsaya a jera kaya a gabansa, ya yarda a yi sawu biyu in ɗaya bai isa ba, ya bar direba ya kashe esi a hawa, ya tsaya ya huta in barci ya zo. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya. Haza wasalam.